Amsa kan takardar auna ciwon baya (murya)

Salamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun da safe, marasa lafiya ne suka yi mana yawa. Kin ce wace takarda ta fi auna naƙasar mai daɗaɗɗen ciwon baya, Oswestry ko Roland-Morris. Ni dai na san so kike a ce miki ɗauki wannan, malaminki ya sa hannu ki huta. To ji.

Oswestry sashe 10 ce, kowane sashe maki 0 zuwa 5, a haɗa a mayar kashi cikin 100. Zama, tsayuwa, tafiya, ɗaukar kaya, barci da sauransu. Tun 1980 take, sunan wani gari ne a Ingila. Roland-Morris kuwa 1983, jimla 24, mutum ya ce e ko a'a, shi ke nan. In mutanenki ciwon ya wuce wata 3 kuma ya ci ƙarfinsu sosai, Oswestry ta fi kama su. In masu dama-dama ne da ke zuwa da ƙafarsu su koma kasuwa, Roland-Morris ta fi nuna canji. Kuma don Allah kar ki zauna fassarawa da kanki, 'yan'uwanmu na Jami'ar Bayero sun fitar da Oswestry da Hausa a 2019, an gwada ta a kan marasa lafiya.

Amma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, bari in ba ki labarin wata iya. An kawo min fayil ɗinta, an rubuta kashi 20 a Oswestry, wai ƙaramar naƙasa. Na ce iya, yaya sallah? Ta ce ɗan nan, shekara biyu rabona da in kai goshi ƙasa, a kan kujera nake yi. Tsugunno a bayan gida kuwa sai jikarta ta riƙe ta. Ina tambayar ruku'u a takardar? Babu. Ina sujada, ina daka, ina jan guga? Babu. Ita Roland-Morris ma cewa take kina riƙe ƙarfen matakala in za ki hau bene. Wane bene?

Da na bi diddigi, ashe ɗanta aka miƙa wa takardar ya karanta mata. Duk abin da ya tambaya sai ta ce da sauƙi, alhamdulillahi, shi kuma ya zaɓi amsoshin sama-sama, masu ƙaramin maki. Da ya iso sashen kwanciyar aure, ke ma kin sani, wane ɗa ne zai yi wa mahaifiyarsa wannan tambayar? Ya tsallake. Wanda ya yi lissafin kuma ya raba da 50. A'a, tsaya, ban faɗi makin ba, maki 10 ta samu. In an tsallake sashe ɗaya da 45 ake rabawa, ya zama kashi 22, ta shiga matsakaiciyar naƙasa ke nan. Na yi magana a taron sashenmu na asibiti, aka ce ina da tsanani. Har yau abin na raina.

Don haka ke za ki zauna ki karanta musu, a keɓe, mace da mace. In ta ce da sauƙi, ki ce iya, daga gida kina iya kaiwa bakin titi ba ki huta ba? Nisan da ke takardar ba da shi iya take auna tafiyarta ba. Sannan in an sake aunawa bayan gashin ƙashi, a Oswestry ragin kashi 3 ko 4 cikin 100 ba komai ba ne, sai ya kai kamar kashi 10 ake cewa an ga sauƙi na gaske. Ana kirana. Ki turo min babi na uku na bincikenki in duba da dare.