Amsa: Jan kumatu na gida da ba ya narkewa a zafin Legas

'Yar'uwa, kin ce kin haɗa jan kumatu da man kaɗanya da garin zoɓo, sai ya narke a jaka, kuma yana yi miki tsakuwa-tsakuwa a fuska. Ni ma haka na farko ya yi mini, daga Agege zuwa Obalende kawai, ya jiƙa gyalena.

Man kaɗanya shi kaɗai ba ya jure zafin garin nan, ɗumin jiki ma narkar da shi yake. Ki sa kakin zuma, shi sai zafi ya wuce digiri 60 yake narkewa. Ni ina sa cokali biyu na man, rabin cokali na kakin. Ki ɗora kwanon a kan ruwan zafi, kada ki sa shi kan wuta kai tsaye.

Zancen tsakuwa kuwa, launin zoɓo a ruwa yake fita, ba ya narkewa a mai. Don haka dole garin ya yi laushi kamar hoda. Ki sayi busasshen zoɓo sosai a kasuwar Mile 12, ki niƙa, ki tankaɗe da ƙyalle mai laushi har sau biyu. Ki zuba bayan kin sauke, ki yi ta juyawa har ya fara daskarewa, in ba haka ba garin zai kwanta a ƙasa.

Don Allah kada ɗigon ruwa ya shiga, da danshin Legas nan da nan zai yi fumfuna. Ki fara gwadawa a cikin hannu ya kwana kafin ki kai fuska.