Mama ba ta iya babbar waya ba, asibiti kuma sun koma kwamfuta

Malam, ka ce asibitin da Mama ke zuwa sun daina katin takarda, ita kuma ba ta iya babbar waya ba, to wallahi kada hankalinka ya tashi, ai ba ita za ta taɓa kwamfutar ba, ma'aikatan rekod ne. Lambar fayil ɗinta kawai za ka rubuta mata da manyan baƙi a kwali ta sa a jaka. In sun nemi NIN, danna *346# a layin da aka yi rajistar NIN ɗin da shi don ka ga lambar, ƙaramar Nokia ma tana yi. Lambar waya kuma a ba da ta wanda ke gida kullum, don in saƙon ranar ganin likita ya shigo da Turanci sai an karanta mata.