Amsa: Yadda za ka gane bargar kirki kafin ka kai dokinka

Ɗan'uwa, ka ce ka ga tallar wata barga a Facebook a nan Kaduna, hotuna tsaf, an ce akwai likita kullum da abinci sau uku, kana tambaya ko ka biya kuɗin wata uku gaba ɗaya. Ni dai ina ganin kada ka biya tukuna.

Na taɓa faɗawa irin wannan. Hoton da na gani ashe na wata barga ce daban. Da na je bayan sati biyu, na tarar da ingarmana ɗaure a turke cikin caɓi, kaska maƙale a kunnensa, kwanon ruwa a bushe.

Ka je ba tare da sanarwa ba, da sassafe ko bayan an yi ruwan sama. A nan za ka gane ko ƙasan ɗakin na riƙe ruwa, domin danshi ne ke ɓata kofato da damina. Dubi dawakin da ke wurin, in haƙarƙari ya fito, ka samu amsarka. Ka ce a nuna maka inda suke ajiye harawa da dusa, ka shinshina, domin abinci mai fumfuna na kawo ciwon ciki. Doki kan sha lita 25 zuwa 40 a rana, to ina rijiyarsu ko famfo?

Maganar likita kuma, tambayi sunansa ka kira shi da kanka. Masu kula da dawaki a filin Polo na Murtala Square sun san bargogin garin nan, ka tuntuɓe su. In dokin ya daina ci ko yana birgima, ka kira likitan dabbobi nan take, ko ka nemi asibitin dabbobi na ABU Zariya. Ka fara da biyan wata ɗaya, a rubuce.