Kafa ƙungiyar mata bayan adashi ya watse

Ƴar'uwa, kin ce matan ƙauyenku a yankin Tawa suna son kafa ƙungiyar da za ta ba su jari, amma adashin da kuka yi a baya ya watse saboda wasu sun daina zubi bayan sun kwasa.

Shawarata ita ce ku bi tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar Maraɗi ta Nijar a 1991. Mata 15 zuwa 30 da suka san halin juna suna haɗuwa kowane mako, kowa ta zuba abin da aka yi yarjejeniya a kai, sannan a ba mai bukata rance ta mayar a kan lokaci. Akwatin kuɗin yana da kwaɗo uku, makullan kuma suna hannun mata uku dabam, ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga kuɗin a kan tabarma da babbar murya. Wannan ƙirgawar ce take kashe zargi, don haka kada ku yi wasa da ita.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗora zubi mai nauyi, wanda matan ba sa iya biya idan damina ta kama, hatsi ya ƙare a rumbu. Haka kuma, rancen da aka kashe a biki yana wuyar dawowa. Wanda aka sa a kiwon tumaki ko sayen albasar Galmi lokacin arha a adana ta a rudu, wato rumbun ajiye albasa na gargajiya, ya fi amfani.

Kafin ku nemi bashi daga waje, ku je ofishin magajin gari domin takardun rajista, kuma ku nemi malamin gona ya duba maku yadda za ku adana albasar kada ta ruɓe.