Kafin a zaɓi shugaba, a fara buɗe laftof

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Ƙanena, na saurari muryarka, inda kake cewa mu masu harkar zane mai motsi da siddabarun fim da haɗa gem a Jidda da Makka mu zama ƙungiya, a zaɓi shugaba da sakatare, a yi tambari, a fara tara kuɗin wata don a kama ofis. Allah ya saka da alheri, niyyar ta yi. Amma ni dai ban yarda a faro ta nan ba. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Tsakani da Allah, a zauren nan mutum nawa ne suka taɓa ganin aikin ɗan uwansu? Kullum sai turo darussan YouTube da fatan alheri ran Juma'a. Wanda ke zane a Karantina bai san akwai mai iya rubuta gem a Shara Mansur ba. To wa shugaban zai shugabanta? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sannan kar mu manta inda muke zaune. Rajistar ƙungiya a ƙasar nan tana da dokarta, 'yan ƙasa ne ke kafawa, kuma tara kuɗin jama'a ba lasisi ba abin wasa ba ne. A cikinmu akwai ɗan ƙasa, akwai mai igama, wato takardar izinin zama, akwai wanda takardarsa ke hannun kafili. Kada garin neman gyara mu ja wa wani fitina. Karo-karon kuɗin shayi da na wurin zama, wannan kowa na yi, ya ishe mu.

Abin da nake so shi ne a tsayar da rana ɗaya a wata, Asabar bayan La'asar, kowa ya zo da laftof ɗinsa ya buɗe abin da bai gama ba. Wanda bai gama ba fa na ce. Na san za a ce gara daren Alhamis a istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, amma in aka yi haka mun kori mata ke nan, alhali ƙannenmu mata suna cikin waɗanda suka fi mu hannu a zane, kuma a nan Jidda Jami'ar Effat tana koyar da harkar fim. Mutanen Makka kuma ga jirgin ƙasa na Haramain, daga Rusaifa zuwa Sulaimaniyya bai kai awa ɗaya ba.

Ka san me ya sa na nace sai an haɗu ido da ido? Akwai abin da darasin intanet ba zai taɓa gaya maka ba. Ka shimfiɗa koren ƙyalle, ka tsayar da mutum da farar jallabiya a gabansa, ka ɗauka. In ka zo cire koren sai ka tarar ya yi naso a kafaɗa da gefen hannu, rabin rigar ya tafi da bango. Wanda ya sha wannan wahalar zai ce maka matso da shi gaba kamar taku uku, ka goge ƙyallen, ka haska bangon daban. Cikin minti biyu an gama abin da zai ci maka sati. Haka babbar riga: wa zai koya maka yadda take zuba in dattijo ya ɗage hannunta ya aza a kafaɗa? Sai dai wani ya sa ta, ya yi a gabanmu, mu ɗauka da waya, mai motsa zanen ya bi hoto-hoto. Masu gem ma suna da tasu. Ka rubuta "ƙofa" ko "ɓarawo" a cikin gem, sai akwati ya fito a gurbin harafin, saboda yawancin salon rubutun ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka ƙara Larabci kuma, haruffa su rabu, su juya baya. Godot 4, manhajar haɗa gem, ya zo da gyaran rubutun dama zuwa hagu a cikinsa, amma sai wani ya nuna maka inda yake.

Maganar kayan aiki ba ta dame ni ba. Blender na zane mai motsi kyauta ne, Krita na zane kyauta, Godot kyauta. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya da ya ci Oscar a 2025, da Blender aka yi shi.

Ka kuma ce ana zuba kuɗi a harkar, kar a bar mu a baya. Gaskiyarka. A 2022 gwamnati ta fitar da tsarin gem da ke son samar da ayyuka 39,000 kafin 2030, kuma Savvy, kamfanin gem na Saudiyya, ta sayi kamfanin gem na Amurka mai suna Scopely a kan dala biliyan 4.9 a 2023. Amma duk inda ka je a Riyad, ba wanda zai tambaye ka tambarin ƙungiya. Cewa za su yi nuna mana minti ɗaya na aikinka. Masameer ma, shirin zane mai motsi na Saudiyya, a YouTube ya fara tun 2011, lokacin ko gidan sinima babu a ƙasar, sai 2018 aka buɗe. Masu shirin sun yi ta sakin aiki ne har Netflix ta ƙulla yarjejeniya da su a 2020.

Saboda haka bayan zama biyu ko uku, in mun san hannun juna, sai mu rabu uku-uku: mai zane, mai motsawa, mai sauti ko mai rubuta gem. Kowane rukuni ya yi abu na daƙiƙa 30, ya gama shi. Kada wani ya zo mana da tarihin Bayajidda na awa biyu, don Allah. Yaro yana tsallaka titi da tiren shayi ya isa. In wannan ya yiwu, a watan Janairu akwai Global Game Jam, wanda ake haɗa gem cikin awa 48, sai mu shiga a matsayin tawaga.

Yanzu abin da ya rage wuri ne mai soket da yawa da sanyin na'ura, da talabijin ɗin da za a jona. Hajiya, kin taɓa cewa falon ƙasa na gidanku babu kowa ran Asabar, ki tambaya mana Baba. Duk mai zuwa ya rubuta sunansa a ƙasa da abin da zai nuna, mai dogon wayar wuta kuma ya taho da ita. Sai na ji ku.