Tambaya da Amsa: Ciyawa ta cinye mana ruwa, ina za mu samu tallafi?

Tambayoyin da suka fi yawa a akwatinmu wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato kuɗin tallafi na yaƙi da baƙin tsirrai masu mamaye tafki da kogi da madatsar ruwa. Na tsamo biyar daga ciki, wasu na rage musu tsawo saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu ƙungiya ce ta masunta da masu noman rani, tafkin da muke dogaro dashi wata baƙuwar kainuwa mai fure ruwan shunayya ta rufe shi ruf, kwalekwale baya wucewa, koma bata shiga, injin ban ruwa kullum a toshe. Mun ji ance akwai masu bada tallafi kyauta kan irin wannan. Da gaske ne? Kuma ta ina ake bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da gaske ne Malam, akwai, saidai ba a raba shi kamar sadaka, nema akeyi a rubuce kuma masu nema sun fi kuɗin yawa nesa ba kusa ba. Ƙofar da tafi dacewa da ƙaramar ƙungiya irin taku itace shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya wato GEF. Shi asusun an kafa shi a 1991, shirin ƙananan tallafin ya fara a 1992 kuma hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ce ta daɗe tana tafiyar dashi a ƙasashe sama da 100. A baya iyakar da aka daɗe da sani dala 50,000 ce ga aiki ɗaya, kuma kai tsaye ga ƙungiyoyin al'umma ake bayarwa, akwai kwamiti a kowace ƙasa da yake duba takardu ya zaɓa. Manyan kuɗaɗe irin na Bankin Duniya kuwa ta hannun gwamnati suke bi, ku abun da zaku iya a nan shine ku matsa wa hukumar ruwa ko ma'aikatar muhalli ta saka tafkinku cikin shirinta.

Kuma yanzu lokaci ne mai kyau na nema don maganar tana kan teburin duniya. A watan Disamban 2022 ƙasashe sun amince a taron Montiriyal na Kanada cewa zasu rage shigowar baƙin halittu masu ɓarna da aƙalla rabi kafin 2030, sannan a Satumban 2023 kwamitin masana halittu da muhalli na duniya wato IPBES ya fitar da rahoto yace akwai baƙin halittu sama da 37,000 da ɗan adam ya kai inda ba nasu ba, fiye da 3,500 daga ciki masu ɓarna ne, kuma asarar da suka jawo a 2019 kaɗai ta haura dala biliyan 423. Ku saka wannan a layi biyu a furofozal ɗinku, wato takardar neman tallafin, ya isa, kar ku cika shafi uku da shi, mai karantawa ya riga ku sani.

Abun da bai sani ba shine tafkinku. Ku faɗa masa faɗin wurin da ta rufe, gida nawa ke shan ruwan, gona nawa ake ban ruwa dashi, yaushe ta fara bayyana, ku haɗa da hotuna na wuri ɗaya a watanni daban daban. Ku tabbata ƙungiyar tana da rajista da akawun banki da sunanta (ba da sunan shugaba ba, don Allah), kuma ku rubuta gudunmawarku a fili, kwalekwalenku da ƙwadagon mambobinku duk kuɗi ne idan an lissafa, masu bada tallafi suna son ganin ku ma kun saka wani abu.

Tambaya: Malam ni malamar makaranta ce, abun ya ɗaure min kai. Kullum muna koya wa yara dasa bishiya shine alheri, yanzu kuma naji wai ana bada kuɗi a sare bishiyoyi don a adana ruwa. Ya haka?

Amsa: Malama duka biyun gaskiya ne, ya danganta da wace bishiya kuma a ina. Misalin da kowa ke kawowa Afirka ta Kudu ne. Tsaunukan da ke tara wa birnin Kef Tawun ruwa asalinsu gajerun tsirrai ne ke kansu, sai aka kawo bishiyoyin fayin da turare da wasu ƙayoyi daga ƙasashen waje irin su Ostireliya don katako da tsare rairayi, suka tsere daga gandun suka bazu a tsaunukan, su kuma dogaye ne masu zurfin saiwa da ganye shekara duka, ruwan da zai gangara madatsa sai su shanye shi su fitar ta ganye. Tun 1995 gwamnatin ƙasar, lokacin Kader Asmal yana ministan ruwa, ta buɗe shiri na musamman da ake ɗaukar marasa aikin yi, da yawansu mata, ana biyansu su sare waɗannan bishiyoyi. Da fari ya tsananta har a 2018 aka fara ƙidayar ranar da za a rufe famfunan birnin, sai aka kafa asusun ruwa na Kef Tawun tare da ƙungiyar kare muhalli ta The Nature Conservancy, lissafinsu ya nuna baƙin bishiyoyin suna shanye kimanin lita biliyan 55 a shekara, kusan ruwan wata biyu na birnin kenan, kuma sare su yafi tace ruwan teku araha sosai. Kin ga a nan kuɗin sara kuɗin ruwa ne.

Amma fa kar a ɗauka ko'ina haka yake. A yammacin Amurka an shafe shekaru ana kashe kuɗi wajen kawar da wata baƙuwar bishiya mai son gishiri da ake kira tamaris daga bakin koguna, da alkawarin ruwa zai ƙaru, daga baya hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar da nazari a 2010 ya nuna ruwan da take sha bai wuce na bishiyoyin asalin wurin ba, idan an cire ta wani tsiron ya maye gurbin ya cigaba da sha. Shiyasa ni a ganina duk furofozal ɗin da yace "zamu ceto lita kaza" ba tare da ya faɗi yanda zai auna ba, bai cancanci sisi ba. Sanda mai alama da aka kafa a bakin ruwa, mutum ɗaya yana rubuta tsawon ruwan duk mako kafin aiki da bayan aiki, wannan yafi dogon turanci amfani.

Wani abun takaicin ma, wasu daga cikin waɗannan annobar da kyakkyawar niyya aka shigo dasu. Ƙayar furosofis daga nahiyar Amurka aka kawo ta yankin Baringo na Kenya da yankin Afar na Habasha don yaƙi da hamada da samar da itace, dabbobi suka ci ƴaƴanta suka baza irin ta kashinsu, ta cinye makiyaya ta toshe hanyar zuwa mashaya, har a 2006 mutanen Baringo suka kai gwamnati ƙara suka tafi kotu da akuya wadda haƙoranta suka zube saboda zaƙin kwanson. Toh ki cigaba da koya wa yara dasa bishiya, ki ƙara musu da cewa a tambayi wace iri ce kafin a dasa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mu mun taɓa samun tallafin. Muka ɗauki matasa suka kwashe kainuwar tas, aka yi hotuna, aka rufe aiki. Kafin shekara ta zagayo ta dawo kamar ba a taɓa ta ba, da muka koma neman zagaye na biyu aka ƙi mu. Laifin waye?

Amsa: Alhaji ka yi haƙuri amma laifin na tsarin aikin ne tun daga takarda, kuma ba ku kaɗai bane, kusan kowa nan yake faɗawa. Kwashe kainuwa kamar aski ne, ranar da aka gama ranar gashi ya fara fitowa. Wannan tsiron asalinsa yankin Amazon ne a Kudancin Amurka, saboda kyan furensa aka yi ta yawo dashi duniya, idan ya samu ruwa mai ɗumi mai taki yana iya ninka kansa cikin mako biyu, ɗan guntun da ya maƙale a gefe ya isa ya sake haifar da wani, irinsa kuma yana iya kwanciya a laka shekara 20 yana jira. Aikin wata shida ba zai ci galabar abun da ke da wannan haƙurin ba.

Dubi Tafkin Biktoriya wanda Yuganda da Kenya da Tanzaniya suka haɗa. Kainuwar ta bayyana a ƙarshen shekarun 1980, zuwa 1997 da 1998 ta toshe tashar jiragen ruwa ta Kisumu tana kuma damun injinan madatsar lantarki ta Jinja. Bankin Duniya da GEF suka zuba kuɗi a babban shirin kula da tafkin, aka gwada hannu aka gwada injin yanka, amma abun da masana da yawa suka fi yaba wa shine wasu ƙananan ƙwari waɗanda asalinsu mahaifar tsiron ce, manyan suna cin ganye tsutsarsu tana huda kara har ya ruɓe ya nutse, masunta da kansu aka koya wa kiwonsu a tankuna suna sakewa. Wasu masanan sunce ruwan sama da igiyar ruwa na lokacin sauyin yanayin da ake kira El Nino suma sun taimaka, ana ta muhawara a kai. Ko ma dai menene ta ragu ƙwarai, sannan bayan wasu shekaru ta sake dawowa, musamman ɓangaren Kisumu, don ba a daina zuba mata abinci ba, takin gona da ruwan kwata da dattin masana'antu duk suna gangarawa tafkin.

Saboda haka idan zaku sake rubutawa ku juya bajet ɗin. Babban kwashe na farko kar ya cinye kuɗin duka, ku ware kaso mai tsoka na bibiya, ƴan mutane kaɗan da kwalekwale ɗaya suna zagayawa duk wata suna tsince sabon tsiro tun yana ƙarami, wannan arha ne idan aka kwatanta da sake tara matasa ɗari. Ku rubuta inda zaku kai abun da aka kwaso, nesa da bakin ruwa ya bushe ko a yi takin gargajiya dashi, don idan aka tara shi a gaɓa ruwan farko zai mayar dashi, wanda aka bari ya ruɓe a ciki kuma yana shanye iskar da kifi ke shaƙa. Ku nuna ta ina datti ke shigowa da me zaku yi a kai. Ku saka takalman roba da safar hannu a lissafi, cikin ciyawar nan ne katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ke zama, ga sauro ga maciji. Sannan tambayar da duk mai bada tallafi zai yi ko bai furta ba, bayan kuɗina sun ƙare waye zai cigaba? Idan amsar itace ƙungiya zata riƙa cire wani abu daga abun da mambobi suka kama ko suka noma don biyan masu bibiya, ku rubuta hakan da sa hannun shugabanni. Kuma kar ku ɓoye cewa ta dawo, ku faɗa da bakinku ku nuna me kuka canja, yafi ace su suka gano.

Maganar ƙwarin kuwa, ba abu bane da ƙungiya zata shigo dashi da kanta, sai ta hannun cibiyar bincike da izinin hukuma. Haka feshin magani a ruwan da mutane da dabbobi ke sha, ni bana ba ƙaramar ƙungiya shawarar ta saka shi a furofozal sam.

Tambaya: Malam mu kachala ce matsalarmu, wani yace ba za a bamu ba tunda ba baƙuwa bace. Haka ne?

Amsa: Yana da ɗan gaskiya ɗan'uwa, wasu asusun sun taƙaita kan halittun da aka shigo dasu daga waje, ita kuwa kachala daman akwai ta a Afirka, canjin tafiyar ruwa ne ya bata dama. A Kogin Senegal bayan an gama madatsar Diyama a 1986 ruwan gishiri ya daina hawowa, ruwa ya tsaya cak shekara duka, sai ta mamaye. A dausayin Haɗeja da Nguru ma bayan madatsun Tiga da Challawa ne ruwan da a da yake cika ya janye ya koma kwance, ta toshe magudanai. Don haka ku nemi kuɗin ta ƙofar ruwa da dausayi da noman rani, ku rubuta aikin a matsayin buɗe magudana da maido da gonaki. A aikace kuma a yanke ta ƙasa da saman ruwa yanda kututturen zai nutse ya rasa iska, ƙonawa kawai bata taɓa saiwar. A Muritaniya da Senegal ana yin gawayi da ita, wannan zai iya biyan wani ɓangare na kuɗin yanka.

Tambaya: An turo min saƙo a WhatsApp wai ƙungiyarmu ta ci tallafin muhalli, in tura kuɗin fam da na buɗe fayil. In tura?

Amsa: Kar ki tura Hajiya. Kun nema ne tun farko? Idan baku rubuta komai ba babu yanda za a yi ku ci. Shirin GEF da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya basa karɓar kuɗin fam a kowane mataki, kuma sanarwarsu a shafinsu na intanet take fitowa da ranar rufewa da sharuɗɗa. Ki nemi lambar ofishin daga shafin nasu da kanki ki kira, kar kiyi amfani da lambar da ke cikin saƙon, kuma kar ki basu hoton katin shaida ko bayanan akawun ɗin ƙungiya.