Tambayoyin Masu Karatu: Buhun Gawayi a Zauren Baje Koli

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen zane da sassaƙa. An ba mu aikin da zai nuna tazarar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka, ni kuma ba na son ƙera siffar mutum. Yaya zan yi? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba sai kin ƙera mutum ba, kayan aikin da kika zaɓa su za su yi magana. Dubi Ibrahim Mahama, ɗan Tamale a arewacin Ghana, wanda aka haifa a 1987. Da buhunan algarara yake aiki. A Indiya da Bangaladash ake saƙa su, a kawo Ghana don zuba koko, daga nan su gangara hannun masu masara, su ƙare wajen masu gawayi. Yakan ba 'yan kasuwa sabbi ya karɓi tsofaffi, a ɗinke su, a lulluɓe manyan gine-gine. A 2015 ya rufe doguwar hanya da su a baje kolin Benis a Italiya. Kokon ya zama cakulan a Turai, buhun kuwa ya ƙare da faci da sunayen masu kaya da baƙin gawayi. Tazarar ke nan, ba tare da an zana fuskar kowa ba.

Saboda haka idan tsohon buhun gawayi za ki yi aikinki da shi, kada ki wanke shi da omo har ya yi fes, kin goge labarin ke nan. Kakkaɓe shi, ki shanya kwana biyu a rana, sannan ki fesa masa boraks (wani farin garin sinadari), giram 50 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, don gara da sauran ƙwari. Ki bari ya bushe ƙarau. Buhun da aka naɗe da danshi fumfuna yake yi, zarensa ya ruɓe.

Buhu babba idan aka farke shi yakan ba da kusan murabba'in mita ɗaya da rabi. Wajen haɗawa ki ɗora baki kan baki da santimita 5, ki ɗinka da basilla da zaren nailan, tazarar ɗinki santimita 2 zuwa 3. Inda aka fi yin kuskure shi ne firam ɗin da za a ɗora buhun a kai. Mai walda zai haɗa miki rodi, amma idan ba a shafa masa fentin hana tsatsa ba, tsatsar za ta ci buhun daidai inda ya taɓa ƙarfe. A waje kuma, buhun da ya sha ruwan sama nauyinsa kan ƙaru sosai, iska kuma ta cika shi ta fizge ɗinkin. Ki ɗaure shi kowane rabin mita, ki bar ƙofofin da iska za ta wuce. Fitila mai zafi kuwa nesa da shi, algarara da ƙurar gawayi ba sa wasa da wuta.

A ganinmu, buhu ɗaya mai faci kusa da shadda mai tsada ya fi tarin tarkace ashirin tasiri.

Tambaya: Zan iya yin irin zannuwan El Anatsui da marafan lemon kwalba? Daga wani maƙeri, Maraɗi.

Amsa: Za ka sha wahala, Malam. Anatsui, ɗan Ghana da ya fara koyarwa a Jami'ar Nsukka a 1975, marafan kwalaben barasa na alminiyom yake amfani da su, yana tuna yadda Turawa suka shigo da barasa zamanin cinikin bayi. Alminiyom na da laushi: a yanka, a miƙar, a huda gefuna, a ɗaure da wayar jan ƙarfe. Marfin lemo ƙarfe ne mai tauri, yana tsatsa, ga nauyi. Gwangwanin maltina ya fi maka, almakashi ma na yanka shi. Kada ka matse ɗaurin, in ba haka ba zanen zai ƙage ya ƙi lanƙwasa idan an rataye shi.